Littafi Mai Jan Bango

Ina ɗan shekara sha tara, na gama jarrabawa,
Baba ya miƙo min littafi mai jan bango
da makullin babur.
"Ka bi ta Kware, ka sauka Wurno, ka kwana Goronyo.
Sunan da ka gani da jan biro, tsaya a ƙofarsa."

Muka hau ni da Modi, yana baya yana fito,
ina lissafin kifin da za mu ci a bakin Rima.
A lokacin, albasa a wurina
abin yankawa ce a kan tsire.

Gidan farko na Nomau ne.
Taki buhu biyu, in ji littafi, albasa buhu bakwai.
Na karanta da muryar 'yan makaranta.
Ya saurara har na kai aya,
sannan ya ja ni bayan gida, ya ɗaga zanan rudu.
Wari ya riga ido isa.
Rabi ta ruɓe tana jiran farashi ya tashi.
"Mi kaka so in ce ma Alhaji?"
Na tsaya ina kallon takalmina.

Matarsa Ige ta dama fura ba nono,
ta ce a yi haƙuri, saniyar ta tafi kasuwar Achida
ranar da zazzaɓi ya kayar da autansu.
Ban tambayi jikin yaron ba. Modi ya tambaya.
Ta nuna da haɓa
inda ƙasa ba ta gama kwanciya ba.
Na shanye furar.
Har yau tana nan a maƙogwarona.

A wani ƙauye da sunansa ya ɓace min
akwai asibiti mai koren fenti,
kwaɗo a ƙofa, awaki a baranda,
da allon dutse ɗauke da sunan wanda ya yanke kyalle.
Kusa da shi famfo, hannunsa ya yi tsatsa,
'yan mata na wuce shi da jarkoki,
ko kallo bai ishe su ba.

Dab da magariba sarƙa ta tsinke.
Wani tsoho, Hantsi, ya ba mu tabarmarsa,
shi ya kwanta kan buhu.
Da ya ji na iya boko
sai ya kwance leda cikin leda cikin leda,
ya fito da takarda ta yi laushi kamar tsumma.
"Yatsa na dangwala. Ban san abin da tac ce ba."
Modi ya haska tocila.
Na san wannan bakwai mai ɗamara a ƙugu,
na san wannan sifili da ba ya rufe baki.
Rubutuna ne.
Hutun aji biyu, Baba na faɗa ina kwafa,
ladana kilishi.

Daren nan sauro bai hana ni barci ba, lissafi ne.
Tsakanin biyu da bakwai akwai biyar,
a cikin biyar ɗin na ga kuɗin makarantata,
na ga agogon da ke hannuna yana tafiya.

Muka shigo Sakkwato da la'asar.
Ana wanke mota a ƙofar gida,
ruwa na gangarawa kwata.
Baba ba ya makara sallar asuba,
yana fid da zakka, yana riƙon marayu uku.
Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa abin ke ciwo.

Ban yaga littafin ba.
Na so in ce na yaga, amma ban yaga ba.
Na miƙa da hannu biyu, na durƙusa.

Yanzu ran kasuwar Wurno ina zama gindin dogon yaro,
da benci, da biro baƙi.
Kafin yatsa ya taɓa tawada
ina karanta takarda da ƙarfi, har ƙananan layukan ƙasa.
In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da sabulu
tambayata ɗaya ce: makullin asibitin nan yana hannun wa?

An kai wa Baba labari.
Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba.
Can ya ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba."
Ban sani ba ko faɗa ne.
Bai karɓe babur ɗin ba.